Tsimin basir da muka yi ta ba Yaya Habu

Shekara shida ke nan cif da muka kai Yaya Habu makwancinsa a Madarumfa. Wana ne, uwa ɗaya uba ɗaya, mai lambu a bakin tabki, mutumin da ke saɓa buhun albasa ba ya nishi. Na so in rubuta wannan waiwaye cikin natsuwa, amma gaskiya da tsoro nake rubuta shi.

Abin ya fara ne da ɗan jini in ya kewaya. A garinmu wannan suna ɗaya gare shi: basir. Kuma an ce ba wanda ba shi da basir, sai dai na wani ya fi na wani. Mahaifinmu ya bar mana tulun tsimi na sassaƙe da saiwoyi, Yaya ya riƙa shan kofi ɗaya kowace safiya. Jinin ya ɗauke wata biyu, mu ce tsimi ya yi aiki. Ya dawo, mu ce yaji ya ci. Ni da nake malamin lakwal, wato makarantar boko, ana ce mini Mushe, wai mai ilimin gidan, ni ne na je har Ɗan Issa na sayo masa ƙulli mai ƙarfi. Shekara uku muna wannan wauta.

Sai da ya rame, wuyan riga ya yi masa yawa, muka kai shi Maraɗi, aka tura mu Yamai. Can aka zura masa siririn bututu mai kyamara cikin babban hanji. Bayan kwanaki likitar da ta duba shi ta zaunar da ni, ta zana mini hanji a takarda. Ta ce akwai wani tsiro da ke fitowa a bangon hanji, suna ce masa polip. Wani irin ƙarami ne, yakan zauna haka nan bai cuci kowa ba. Wani irin kuwa yana girma a hankali, shekara da shekaru, har ya rikiɗa ya zama ciwon daji, kuma iya girmansa da yawansa, iya haɗarinsa. Akwai mai wuya kamar laimar kwaɗi, akwai wanda ke shimfiɗe a bango, ya fi wuyar gani. Yawancinsu ba sa ciwo, ba sa ma jini. In an same shi da wuri, a wannan dubawar ake tsinke shi a kai a bincika irinsa. Na Yaya ya riga ya rikiɗa, ya yaɗu.

Sannan ta dube ni ta ce, “Ku da kuka fito ciki ɗaya da shi, haɗarinku ya fi na sauran mutane. Ka zo a duba ka.” Ta rubuta mini takarda. Na ninke ta na sa cikin littafin darasi.

Wata huɗu ya ƙara a duniya. Ranar da na ga ƙarshen dariyarsa, yana kwance a zaure, ya ce mini, “Mushe, kai da karatunka, ka tai a duba ka. Ni kunya ta kashe ni, ba hanji ba.” Na ce to.

Ban je ba. Na ce aiki, na ce nisa, amma tsoro ne da kunya: a tuɓe babban mutum a leƙa cikinsa, kuma wa ya san abin da za a gani? An ce in ka ga gemun ɗan'uwanka ya kama da wuta ka shafa wa naka ruwa. Ni nawa na rufe da rawani na ci gaba da harkokina.

Bana na kai shekarun da Yaya yake da su lokacin da abin ya fara masa. Makon jiya na ga jini. Mai yiwuwa basir ne na gaske, na sani. Amma abin da ya fi jinin tsorata ni shi ne inda ƙafata ta kai ni: gidan Yaya, gaban tulun nan, da kofi a hannuna. Matarsa Rabi ta fito ta gan ni. Ba ta yi faɗa ba. Ta ce, “Mushe, kai ma?” Ta karɓe kofin, ta kife tulun a gindin magarya.

Da Yaya zai leƙo yau, zai ga lambunsa ya yi kore, 'ya'yansa sun girma, albasa tana fita Katsina kamar da. Sannan zai juyo ya tambaye ni maganar da muka yi a zaure. Lambun ya bar wa 'ya'yansa. Abin da ya bar mini wannan maganar ce kaɗai, ita ce kuma na ajiye shekara shida ban taɓa ba.

Na nemo takardar likitar, ta yi ja don tsufa. Ranar Litinin zan shiga motar Yamai, kuma ƙanwarmu Hadiza za ta bi ni, ita ma a duba ta. Ku yi wa Yaya Habu addu'a, Allah ya jiƙansa. Ni kuma ku roƙa mini Allah ya sa abin da za a gani bai rikiɗa ba tukuna.