Mama Ishaya Ta Tafi, Ku Zo Mana a Hankali

Da safen nan ina tsaka da dama wa 'yata Alheri kunu aka kira ni a waya: Mama Ishaya ta rasu. Hawan jinin da take fama da shi ne ya kayar da ita tana shara, kafin a kai asibiti rai ya yi halinsa.

Zama na yi a ƙasa da ludayi a hannu.

Wanda bai san sunanta ba ya san ta da gani. Ita ce 'yar gajeruwar matar nan ta unguwar Rikoto da kullum take tafe da dogon saurayi a gefenta, yana kaɗa yatsu kusa da fuskarsa. Shi ne Ishaya, ɗanta tilo. Yana da otizim, lalurar nan da ke sa hayaniya da cuɗanya da mutane su yi wa mutum wuya, da ya girma kuma ciwon damuwa ya ƙaru a kai, wani lokaci sai ya yi kwanaki ba ci ba magana.

Ni a bayan coci na san ta. Kun dai san Allah bai ba ni ƙaramar murya ba, ni ce mai ba da waƙa a zumuntar mata. Sai ga shi na haifi yarinyar da ba ta jure ƙara. Da an buga ganga Alheri za ta toshe kunne ta kama buga kanta da benci. Wata Lahadi na sungume ta na fito, idon kowa a kaina, tana kuka ina kuka.

Ashe akwai wata cocin a gindin mangwaro. Tabarma ɗaya ce, Mama Ishaya a zaune, Ishaya yana jera marafan kwalba.

Ta matsa mini ta ce, "Zamna, ƙanwata. Mi kike ma kuka? Nan ma Allah na ji. Ga inuwa, ga dafaffar gyaɗa, kuma ba mai harararki."

Tun daga ranar muka zama 'yan coci ɗaya. Ta taga muke jin wa'azi. In Fasto ya ja da yawa sai ta ce, "Ko Ishaya ya ƙare jerinshi, a ce amin mana."

Ita ta gano ɗan ƙyallen da ake ɗinkawa a wuyan riga ne yake sa Alheri tuɓe kaya a gaban mutane, ta sa reza ta cire. Ita ta raka ni ganin likita a Sakkwato lokacin da dangin mijina suka dage sai an kai yarinyar a cire mata aljanu. Takan zo ta karɓi Alheri da rana ta tura ni ɗaki: "Ban ce ki yi wanki ba. Kwana na ce ki yi."

Kada ku ɗauka shiru-shiru ce, bakinta akwai yaji. Wata ta taɓa ce mata a kasuwa me zai hana ta riƙa barin yaron a gida. Ta dube ta sama da ƙasa ta ce, "Naki mijin da ke zagin gari in ya sha burkutu, kin taɓa barinshi gida?"

Kuma tana gajiya kamar kowa. Ta gaya mini akwai ranar da takan shiga bayi ta yi kukanta, ta wanke fuska ta fito ta ɗora tuwo. Akwai tabon haƙoran Ishaya a hannunta, ba ta ɓoye shi. In an tambaya sai ta ce, "Tsoro ya ji, ba mugunta ba ce."

Makon jiya na same su ita da Ishaya suna ɓarar masara a tsakar gida, ƙafarta a kumbure. Na yi mata faɗan magani, ta yi mini dariya. Can sai ta bar dariyar ta ce, "Mama Alheri, ran da na mutu kada ku ɓoye min shi. Biki a ce in bar shi gida, suna a ce in bar shi gida. Wannan dai nawa ne, ku bari ya zo." Na ce ta daina irin wannan magana. Ta ce, "Ke kuma da wannan maƙogwaron naki, ranar ki tsaya can bakin titi."

Ban san sallama muke yi ba.

Ɗazu na je gidan. Ya cika maƙil, mata na kururuwa, wasu har sun tayar da waƙa. Duk ƙauna ce, na sani, haka muka tashi muka ga ana yi. Amma Ishaya yana bayan rumbu a tsugune, hannu biyu a kunne, yana kai gaba yana kai baya. Dangi sun yanke a kai shi garin Manga wurin kawunsa har a gama jana'iza, a ce masa Mama ta yi tafiya.

Na durƙusa gaban babansa, tsohon sojan da ban taɓa ganin hawayensa ba sai yau, na faɗa masa abin da ta ce. Ya share hawayensa. Sannan ya ce, "In za ki iya da mutane, ni zan riƙe shi."

Na zagaya bayan rumbun na zauna nesa kaɗan, ban taɓa shi ba. Na yi yadda ta koya mini, gaskiya a gajeruwar magana. Na ce, "Ishaya, Mama ta mutu. Ba za ta dawo ba. Ranar Asabar za mu kai ta kabari. Kai ma za ka je."

Bai dube ni ba. Ya sauke hannu ɗaya daga kunne, ya maimaita kamar yadda ya saba: "Kai ma za ka je."

To ga roƙona, jama'ar Zuru. Ku zo ranar Asabar, ku zo da yawa, ta cancanta. Amma ba lasifika, Fasto ya amince. 'Yan uwana matan zumunta, a bar ganga da tulun kiɗa a gida. Wadda kuka ya ci ƙarfinta ta ja gefe. Kada ku rungume Ishaya, kada ku zagaye shi, kada ku ɗaga waya a fuskarsa. Ni da kaina zan kama bakina, kun kuwa san ba ƙaramin abu na yi alkawari ba.

Ubangiji ya ba Mama Ishaya hutawar da ba ta samu a nan ba. Ya riƙe mijinta, ya dubi duk uwa da uban da ke ɗauke da irin wannan kaya ba wanda ya sani.

Kirista da Musulmi, duk wanda ya karanta wannan, don Allah ya sa su a addu'a. Ku roƙa wa Ishaya ƙarfin tsayawa a bakin kabarin uwarsa har a gama rufe ta.