Ƙwaryar Yashin Kawu Ishaya

In ba ku san Kawu Ishaya na bayan Roni ba, to ba ku san mutumin da ya fi hadari sanin ranar da zai zubar da ruwa ba. Dattijo ne a cocin ƙauyensu, manomin gero tun yana ɗan tatsitsi. Shekara talatin yana duban damina. Ya kalli shamuwa, ya kalli tururuwa, ya shafa gwiwarsa mai ciwo, sai ya ce, "Talata da la'asar." In ya dace, sai Kazaure ta ji labari. In ya kuskure, to ruwan ne ya makara.

A cocin nan suna da al'ada. Kafin kowa ya sa iri a ƙasa, akwai Lahadin da kowane gida zai zo da ƙwaryar iri, fasto ya sa hannu ya ɗebo, ya ɗaga sama, a roƙi Ubangiji ya nuna lokaci. Sai bayan nan a yi shuka.

Bara, ran Alhamis kafin Lahadin nan, gwiwar Kawu ta motsa. Ya ce binne zai yi, wato ya shuka a busasshiyar ƙasa ruwa ya zo ya tarar. Kuma ba rabi ba, duk irin gidan, wanda ya gada tun daga ubansa.

Matarsa Rifkatu ta tare bakin rumbu. "Baban Talatu, kwana uku ne fa. Ka bari a kai gaban Ubangiji."

"Ubangijin ne ya ba ni kan nan."

"Ya ba ka kai, bai ba ka sama ba."

Ya ture ta ya wuce. Juma'a aka yi yayyafi, wanda ko kaza ba zai jiƙa ba, amma ya isa ya tada tsiro.

Ran Lahadi kunya ta hana shi zuwa hannu rabbana. Sai ga shi da ƙwarya rufe da faifai, yana tafe kamar mai kai lefe. Fasto Yohanna ya zura hannu, ya ɗaga sama ido a rufe, sai yashi ya zubo masa har cikin hannun riga. Matan zumuntar coci suka yi ta dariya, wata har ɗankwalinta ya faɗi.

"Kawu, wannan wane iri ne?"

"Nawa ya riga ya tsiro, Fasto. Ku yi ta addu'arku, ni ina noman farko."

Kwana ashirin da uku sama ba ta ko yi tari ba. Tsiron ya yi ja, ya nannaɗe, ya kwanta. Na ga Kawu da idona yana bin kunyoyin gona da buta yana ɗiga ruwa, gona kadada biyu! Masu babur har tsayawa suke su ce, "Kawu, yau Talatar ce?"

Da ruwan gaske ya sauka, ba shi da ko ƙwaya. Ya bi gida-gida da hularsa a hannu. Kowa ya ba shi tafi guda da baƙar magana mudu biyu. Wani gero, wani maiwa, wani dawa, duk ya haɗa ya watsa. Gonar ta fito kamar kan mahaukaci, wani ya nuna wani bai ko yi bununi ba, tsuntsaye suka ci Kirsimatinsu tun watan tara. Dami bakwai ya ɗaure inda yake ɗaure sittin. Irin ubansa kuwa ya tafi ke nan.

Bana Rifkatu ta je garin Gwiwa wajen 'yan'uwanta ta samo iri, ta zuba a tulu, ta liƙe bakin da laka, ta tura ƙarƙashin gadonta. Kawu ya zo ƙofar ɗaki ya yi sallama kamar baƙo, ya ce a bar shi ko ganin irin ya yi.

Ba ta ko ɗago daga tankaɗe ba. "Ran Lahadi za ka gan shi a hannun Fasto, kamar kowa."