Kunyar Ɗan Fari

A garinmu uwa ba ta kiran sunan ɗanta na fari. Ni ma ban taɓa kiran nawa ba. "Yaron nan" nake cewa, ko "yayanku" in da ƙannensa nake magana. Kakarsa ce ta raine shi. In ya shigo gaisuwa, ina kallon murhu nake amsawa.

Abin haushin, magana ce sana'ata. Ma'aikaciyar lafiya ce ni a ƙaramin asibitin ƙauyenmu, gefen Ɗanbatta, kuma bakina ba ya shiru. In an gama girbin gyaɗa samari za su tafi cirani, ni ke tare su. "Kai ja'iri, zo nan! An ce maka ƙanjamau a goshi take rubuta sunanta?" In damƙa musu kwaroron roba, suna sunne kai ina yi musu tsiya. Wani dattijo har gida ya biyo ni, wai ina lalata tarbiyya. Na wanke shi tas.

To nawa fa? Adaidaita yake tuƙawa a Rijiyar Zaki, cikin Kano. Labarinsa ya iso mini ta bakin matan unguwa, yau wannan yarinya, gobe waccan. Sau nawa na sako kwalin kwaroron a jaka na kawo gida, in ya zo sai harshena ya yi nauyi. Na tura ƙanina, kawunsa, ya yi masa magana. Ya je ya ce masa a riƙa jin tsoron Allah, ya dawo ya ce mini an gama. Na san ba a gama komai ba. Wallahi don in huta na yarda.

Da daminar bara ya zo taya ubansa noma, ya ɗan rame. Ya durƙusa zai gaishe ni, sai wani abu ya yi kacau a aljihunsa. Na san ƙarar nan. Robar magani ce, irin wadda nake miƙa wa masu ƙanjamau duk wata a bayan labule. Ya dafe aljihun da sauri. Na ji, ya san na ji.

Na so in riƙe hannunsa, in ce ya yafe mini. Abin da ya fito, idona a ƙasa, shi ne, "A riƙa sha a kan lokaci. Kada a tsallake ko rana ɗaya."

Ya ɗago ya dube ni.

"Inna," ya ce, "ashe kina iya yi mini magana?"