Alherin da Ya Gajarta Mini Ƙafa

Ƙafata ta dama ta fi ta hagu gajarta. Duk wanda ya san ni a ƙasar Safana da ɗingishin nan ya san ni, kuma in ka tambayi tsofaffi za su ce maka hatsarin babur na yi ina saurayi. Hatsarin karya ta kawai ya yi. Abin da ya gajarta ta alheri ne da wani Alhaji ya yi mini.

A lokacin ni malamin dabbobi ne, aikina bin rugage in yi wa shanu allura. Kuɗin fetur ya fara shigowa ƙasa, aka raba mana babura sababbi fil, aka ce dole kowa ya yanki inshora. Wanda ya yanka mana ya yi mana bayani dalla-dalla: in mota ta buge ka, inshorar mai motar ce za ta ɗauki magani da gyara. Abin da ake buƙata kawai, 'yan sanda su zo su ga wurin yadda yake, likita kuma ya ga raunin. Na yi dariya a raina, na ce wace motar ce za ta buge ni a hanyar da jaki ya fi mota yawa?

Ranar kasuwar Batsari ce, da hantsi. Na fito daga wata ruga a bayan Tsaskiya na hau hanya. Ba a daɗe da canza hannun tuƙi zuwa dama ba, ni kuwa ina kan hannuna. A wata kwana kusa da duwatsu sai ga a-kori-kura ta ɓullo a kan tsohon hannu, ta nufo ni gadan-gadan. Mai ita wani Alhaji ne ɗan Batsari, dillalin gyaɗa da hatsi, shi ne da kansa a kan sitiyari.

Da na farfaɗo na tarar da 'yan kasuwa sun yi mini rumfa. Alhaji na durƙushe a kaina yana salati yana hawaye, ya warware rawaninsa ya ɗaure mini ƙafa da shi. Na ce a kai ni asibiti.

"Asibiti, Malam?" in ji shi. "Yanke ta za su yi! Akwai mai ɗori a Karare, hannu gare shi. Ni zan kai ka da kaina."

Jama'a suka ce gaskiya ne, domin a zamanin kowa ya yarda cewa ƙafar da ta shiga asibiti ba ta fitowa. Kafin mu tashi ya sa aka ɗora babur ɗina a bayan motar. Ya kuma ce a samo ganye a share gilashin da ya tarwatse, kada ya yanki ƙafar bayin Allah masu zuwa kasuwa. Aka share gilashi, aka share sawun taya tare da shi. Ina kwance ina jin ana sa masa albarka.

Ba ni da abin da zan ce game da mai ɗorin. Dattijo ne mai gaskiya, yana taɓa ƙafar ya ce wannan ba karaya ba ce irin tasa, ƙashin ya dagargaje. Alhaji ya yi ta roƙonsa har dattijon ya ja ƙafar ya ɗaure. Daga nan kuma sai hidima. Yau kaji, gobe sukari da madarar gwangwani, jibi turmin atamfa ga maiɗakina. Da baffana ya iso, ƙanin mahaifina wanda ya riƙe ni tun ina maraya, Alhaji ya zube gabansa a zaure, ga liman ga mutanen unguwa. Ina cikin ɗaki zazzaɓi na kaɗa ni, amma na ji muryar Baffa sarai.

"Tashi, Alhaji. Ƙaddara ce. Mun yafe maka duniya da lahira."

Babu wanda ya leƙo ya tambaye ni, alhali ƙafar a jikina take. Bayan 'yan makonni aka kawo babur ɗina gida, an buge shi, an yi masa sabon fenti, ya fi ranar da aka ba ni shi kyau.

Da aka kwance ɗori ƙafa ta fito a karkace, ta kuma gajarce. Ita ce ƙafar da nake tada babur da ita, ita nake kafewa da ita in za a kada bijimi. Na je wurin likita a Katsina, ya duba ya girgiza kai. Ya ce da an kawo ni tun ranar da ba a kai ga haka ba, amma har yanzu da sauran dama: a sake karya ta a yi mini aiki a Kano, tun ƙashin bai gama ƙeƙashewa ba. Aikin ya fi ƙarfin albashina nesa ba kusa ba. Ya ce ai ba ni zan biya ba, inshorar wanda ya buge ni ce.

Na hau babbar mota da sandata har Kaduna, ofishin kamfanin inshorar. Ma'aikacin ya ba ni kujera, ya saurare ni da mutunci. Ya tambayi zanen 'yan sanda, na ce ba su zo ba. Ya tambayi takardar likita ta ranar da abin ya faru, na ce wurin mai ɗori aka kai ni. Ya ce to ina babur ɗin, su ga irin bugun da aka yi masa? Na ce an gyara. Ya ajiye alƙalaminsa.

"Malam, ka yi haƙuri, amma mu a wurinmu ba a yi hatsari ba. Hanya ɗaya ta rage: mai motar ya zo da bakinsa ya ce shi ya buge ka."

Na fito da murnata. Mutumin da ya yi kuka a kaina, ya ɗaure ni da rawaninsa, ai wannan ba zai gagare shi ba. Na same shi a zaurensa a Batsari ana auna gyaɗa. Ya tarbe ni da fara'a, ya sa aka kawo fura. Da na faɗi abin da ya kawo ni sai ya jingina da bango ya yi murmushi.

"Haba Malam, maganar da ta wuce? Baffanka ya yafe gaban liman. In na je na ce ni na buge ka, lasina za su amshe, su kai ni kotu. Ni na san 'yan inshora tun kana makaranta. In ka bar masu sawun taya guda, sun gama da kai."

A nan na gane komai. Rawanin, da hawayen, da sharar hanya, da sabon fentin, duk yana sane yake yi. Tun ina kwance cikin jinina shi lissafin yadda zai fita yake. Na ajiye furar ban sha ba, na faɗa masa maganganun da ban taɓa faɗa wa babba ba.

Labari ya riga ni isa gida. Baffa ya ce na zubar masa da mutunci, na zama butulu, mutum ya yi mini abin da ɗan'uwa ba zai yi ba na je ina zaginsa a gidansa. Ya rantse in ban koma na ba da haƙuri ba babu ni babu shi. Ya sayi goro ya tasa ni gaba. Na durƙusa da gurguwar ƙafata a gaban Alhaji, zaure cike da mutane, na ce na gode da ɗawainiya.

"Ba komai, Malam," in ji shi. "Ai yi wa kai ne."

Ƙashi ya ƙeƙashe a yadda yake. Aka ɗauke ni daga dawa aka zaunar da ni a ɗakin ajiyar magani, ina ƙirga kwalabe. Ni da na saba Fulani su tarbe ni tun daga bakin garke da ƙwaryar nono, na koma jiran azahar a kan benci. Ban jure ba, na ajiye aikin na koma garinmu Zakka, na kafa tebur ina sayar da maganin dabbobi. Shekaru suka yi ta tafiya. Ana ce mini in manta, na ƙi. Ban taɓa roƙon Allah Ya kashe Alhaji ba. Abin da nake roƙo shi ne Ya bar shi da rai da lafiya har ranar da hannuna zai kai gare shi.

Ranar ta zo a wata damina. Alhaji ya ƙara bunƙasa, ya sayi babbar mota sabuwa, ya yi mata lodin dawa zai kai inda ta yi tsada. A daidai bayan garinmu wata tifa ta masu zuba marmara a hanya ta bar hannunta ta shigo nasa, ta maka wa motar, ta jefa ta kwalbati. Buhuna suka watse. Laifin tifar a fili yake, ga sawunta nan ya ratsa hanya kamar an zana da gawayi. Direban Alhaji ya fashe a goshi, shi kuwa ko ƙwarzane bai yi ba. Ya zare makullin tifar, ya tari wata mota zai kai direbansa asibiti ya ɗauko 'yan sanda daga Dutsin-ma. Ina cikin taron, bai ko lura da ni ba. Yana shiga mota ya ɗaga murya ga mai unguwarmu:

"Kada kowa ya taɓa komai! Ko tsinke kada a ɗauke!"

Asibiti ya nufa da direbansa. Ashe ya san hanya.

Na bari ƙurar motarsu ta ɓace, sannan na ɗingisa wurin mai unguwa na nuna masa gabas. Akwai ɗan hadari, wanda ni da shi duk mun san da wuya ya zubo.

"Ranka ya daɗe, zura ido za mu yi hatsin bawan Allah ya jiƙe a ƙofar garinmu?"

"To ai ka ji mi ya ce, Malam."

"Kunya ce ta sa shi. Ba ya son ya ɗora mana wahala. Ni na san halin mutumin nan, a jikina na gani."

Kowa a Zakka ya san labarin alherin da Alhaji ya yi mini, domin Baffa bai bar kunnen da bai zuba wa shi ba kafin ya rasu. Nan da nan gari ya motsa. Matasa suka kwashe buhuna suka jera a zauren mai unguwa. Aka kawo shanun huɗa da igiyoyi, aka yi kabbara aka tada motar, aka ja ta gindin tsamiya. Na sa maƙerin garinmu ya bubbuga inda ta lotsa, ya kankare jan fentin tifar da ya manne mata.

Direban tifar yana zaune a gefe, wani talaka mai iyali. Lambar motarsa laka ta rufe ta ruf. Na tambaye shi ko tana tashi ba makulli, ya ce ai da turi take tashi tun bara, makullin ado ne. Na ce to ga shi ta tare wa jama'a hanya, a kawar da ita. Aka tura ta ta tashi. Ya leƙo yana tambaya ina zai tsaya ya jira Alhaji.

"Tafi abinka," na ce. "Ƙaddara ce. Mun yafe maka duniya da lahira."

Shara kuwa ban bar wa kowa ita ba. Da hannuna na karyo ganye, na share gilashi tas don kada ya yanki ƙafar bayin Allah. Wani Bafulatani da na daɗe ina yi wa shanunsa allura yana tsaye da garkensa yana jiran a buɗe hanya. Na yafuto shi na ce bismilla. Shanu suka bi ta kan wurin a hankali, suka bar mana kofato da kashi.

Bayan la'asar sai ga Alhaji da 'yan sanda, har da mai ɗaukar hoto. Ya sauko ya tsaya. Hanya fes, mota a inuwa, hatsi a zaure, tifa babu ita babu alamarta. Sajan ya zaga da tef ɗin awo a hannu, ya dubi kashin shanu, ya dubi Alhaji.

"To Alhaji, mi za mu auna nan?"

Alhaji ya waiga. Mutanen gari sun kewaye shi, gumi bai bushe musu ba, kowa na washe baki yana jiran a yaba masa. Liman ya matso ya kama hannunsa.

"Alhaji, Allah Ya tsare gaba. Amma godiyarka ga Malam za ta, shi ya tsaya kan komai. Da gurguwar ƙafarsa ya yi shara."

Sai a lokacin ya gan ni. Ya dubi fuskata, ya sauke ido kan ƙafata, ya daɗe a can. Na ga lokacin da ya gane, kuma wallahi ban taɓa shan ruwan da ya kai wannan kallon sanyi ba. Ya san abin da za a ce masa a Kaduna, kalma da kalma. Ya kuma san in ya ɗaga murya a kan mutanen da suka yini suna yi masa wahala, sunansa butulu daga nan har Batsari. Jama'a suna jira.

"Na gode, Malam," in ji shi.

"Ba komai, Alhaji. Ai yi wa kai ne."

Na ɗauki sandata na juya. Akwai 'yar hanya ta bayan masallaci da ke kai ni gida nan da nan, amma ban bi ta ba. Na bi babbar hanya, miƙaƙƙiya, inda zai iya hango ni har ƙarshenta, na yi ta ɗingisawa a hankali ban waiwaya ba.