Abin da Na Gani a Ƙasan Rumbu

Duk ranar da aka zura ni cikin tankin ruwa na ƙarƙashin ƙasa a wani gida a Malaz, domin wankin tanki ne sana'ata a Riyad, warin sanyi da duhun wurin sai su mayar da ni rumbun kakana.

Ka san ta sama ake shiga rumbu, bakinsa kuma ba ya cin babba. Ni ne ɗan firit a gidan, don haka ni tsohon yake ɗaura wa igiya a ƙugu ya zura. A shekarar da ruwa ya yi jinkiri, kullum igiyar ƙara tsawo take yi kafin ƙafata ta taɓa dawa. Ina tsoron kunama, ina tsoron maciji, amma abin da ya fi ba ni tsoro shi ne ranar da tafin ƙafata ya ji daɓen ƙasa. Mu biyu kaɗai muka san abinci ya kusa ƙarewa.

Kakana mai wa'azi ne a ƙaramar majami'ar ƙauyenmu. Ya ɗan leƙa makarantar Littafi Mai Tsarki, ya dawo da Helenanci cikin cokali, kuma ba ya barin kowa ya manta. Da ya ji ina sheshsheƙa a ƙasa, sai ya leƙo ya ce, “Kalmar nan plero, cikawa ke nan har ba sauran wuri. Da ita aka faɗi taru ya cika da kifi, da ita aka faɗi ƙamshi ya cika gida, da ita aka faɗi maganar annabawa ta cika. Alkawarin Allah rumbu ne da aka gina tun ba a yi girbi ba.”

Ni dai a lokacin igiya nake so a ja, ba wa'azi ba.

Ina fitowa kakata za ta tare ni: “Maigidana, yaya rumbun?” In saci kallon tsohon, in ce, “Da saura, Iya.” Da daddare sai ya turo mana ƙwaryar tuwonsa, wai ba ya jin yunwa. Mu kuwa muka yi ta lashewa.

Ruwa ya zo, dawa ta yi kyau, rumbun ya cika har ba a bukatar igiya. Sai dai kafin a kai dami na farko gida mun riga mun binne tsohon.

Yanzu iƙamata, takardar izinin zama, ta mutu, kafil, Balaraben da ya tsaya mini, kullum sai “bukra, insha Allah”, wato sai gobe. Ko fitilar motar 'yan sanda na hango a unguwar Shumaisi sai in shige lungu. Yaran yau ba su san rumbu ba, a buhu suke ganin hatsi, amma tambayar ba ta canza ba. Jiya 'yata ta kira ta ce, “Baba, akwai aiki dai ko?”

Ina tsaye a ƙasan tanki, igiya a ƙuguna, na ce mata da saura.