Ranar da Yaya Ya Kori Rina Daga Jirgin Baba

Mu ba mutanen ruwa ba ne. Gara in fara da wannan, kada wani ya ji labarin nan ya ɗauka duk garinmu sakarkaru ne. Guda ɗaya ne, kuma a gidanmu yake. Kakanninmu noma suka sani, gero da dawa da gyaɗa, a wani ƙauye da ke gefen Yola ta ƙasar Karaye. Kogin da muka tashi muka gani, da rani yaro ma yana tsallake shi bai naɗe wando ba. Sai ga shi a farkon shekarun casa'in an datse shi, ruwa ya taru ya yi ta hawa, ya cinye fadamu ya cinye gonaki, mutanen da ba su taɓa riƙe filafilin tuƙa jirgi ba suka wayi gari a bakin teku.

Gona ɗaya ta rage wa Baba, wadda ke kan wani tudu ta ɓangaren Rogo. Tsakaninmu da ita akwai kwari. Da rani da farkon damina da ƙafa ake zuwa, amma da zarar damina ta yi nisa ruwa yake rufe kwarin, tudun ya koma tsibiri. Shi ya sa Baba ya sayar da sa guda, ya sa aka ƙera masa kwale-kwale na katako, aka cusa tsumma a tsakanin katakan aka bi da kwalta. Sau ɗaya aka yi aiki da shi, a kakar farko. Da aka gama aka jawo shi tudu aka kife ƙarƙashin ɗorawa, Baba ya sa aka lulluɓe shi da zana da ciyawa kamar yadda ake yi wa rumbu, don kada rana ta fasa shi. Wata goma yana nan ba wanda ya leƙa.

A shekarar da nake magana ina koyarwa a firamare, ina da mata da 'ya'ya biyu, amma duk a gandun Baba muke, tukunya ɗaya ake ɗorawa. Gero ya yi kyau a tudun nan. Muka yanke, muka ɗaure, muka jera damman a tsakiyar gona, muna ratsa kwarin ruwa iya ƙugu. Muna shirin fara kwasowa a ka, sai aka kwana uku ana tafka ruwan sama. Kwari ya shanye mutum har da hannunsa a sama. Kuma ruwan bai tsaya ba, hawan tudun yake yi. Baba yakan kafa kara a bakin ruwa da yamma, da safe ya je ya tarar babu alamarsa. Abincinmu na shekara kaf yana can, muna hango shi daga wannan gaɓar.

Yanzu sai in gabatar da Yaya. Shi ne ɗan farin Baba, ya girme ni da shekara tara. Ya taɓa yin gadi shekara biyu a wani kamfani a Kano, ya dawo da tocila da agogon da ba ya aiki da kuma wata magana guda da ba ta fita daga bakinsa: "A birni ba haka ake yi ba." Tun daga ranar babu abin da bai sani ba a duniya. Ya san ciwon shanu, ya san gyaran rediyo, ya san dalilin da ya sa gwamnati ta faɗi. Abu ɗaya ne bai sani ba, yadda ake kai layin noma ƙarshe. Da hantsi ya ɗaga sai ka gan shi a inuwa yana bayanin yadda ya kamata mu riƙe fartanya.

Abin da ya ɗaure masa gindi kuwa kunyar ɗan fari ce. Baba mutumin da ne, bai taɓa kiran sunan Yaya ba, bai taɓa kallonsa ido cikin ido ba, balle ya yi masa faɗa a gaban jama'a. In zai yi magana a kansa sai ya ce "wancan". In zai ba shi umarni sai ya faɗa wa wani ya isar. Ɗa mai hankali yakan ɗauki wannan a matsayin nauyi, ya riƙa auna abin da uban yake so tun kafin a faɗa. Yaya ɗauka ya yi an naɗa shi sarki.

Da safe muka tafi ɗorawa, ni da Baba da Yaya da maƙwabta uku, don mu birkice jirgin mu tura shi ruwa. Mun fara janye zana ke nan, Yaya ya durƙusa ya cusa kai ƙarƙashi, wai zai duba lafiyar katako. Sai muka ji ihu. Ya fito da baya da baya, rina na bin sa. Ashe ta yi gida a ƙarƙashin allon zama, saƙa ta kai faɗin faifai. Kowa ya cika wandonsa da iska. Ni ta same ni a ƙeya, shi kuwa Yaya a leɓen sama ta harbe shi har sau biyu. Kafin mu gama haki leɓen ya yi suntum, ya rufe masa ƙofar hanci.

Daga nan maganar ta tashi daga ceton gero ta koma ɗaukar fansa.

"Wallahi yau sai na ga bayanta," in ji Yaya, maganar na fita da ƙyar. "Kai Malam, je ka kawo kalanzir da ashana."

Malam ɗin nan da yake ce mini ba girmamawa ba ce, zolaya ce.

Akwai wani tsohon masunci da ke gyaran koma a gindin wani dutse kusa da mu. Yana cikin Sarkawan da suka biyo ruwan tun daga yamma suka kafa bukkoki a gaɓa. Mutanen garinmu ba sa ɗaukarsu a bakin komai, baƙi ne masu ƙarnin kifi. Ya ajiye komarsa ya taso, ya gaida Baba har ƙasa, ya tambayi gida da damina da gajiya. Sannan ya ce, "Alhaji, kada a kai wuta wajen jirgi. Ku ɗaura mishi igiya daga nesa, ku ja shi cikin ruwa haka nan kife, ku aza duwatsu ya nutse. Kahin la'asar babu rina ko ɗaya. Kuma jirgin da ya daɗe bisa tudu dama tilas sai ya sha ruwa, katako ya kumbura, in ba haka ba yoyo za ya yi muku."

Yaya ya kwashe da dariya da wannan leɓe nasa. "Ku ji fa! Mu muna neman jirgi ya tashi a kan ruwa, shi yana cewa a nutsar da shi. Kai tsoho, koma wajen kifinka. Tun kafin ka san hanyar garin nan muke ƙona rina."

Nan ne kawai ya faɗi gaskiya. Muna ƙona rina, amma a ina? A rumbun ƙasa, a lungun soro, a bangon zaure. Ka ɗaura ciyawa a kan gora, ka kunna, ka miƙa, ta babbake, bango ya yi baƙi, shi ke nan. Ƙasa ba ta cin wuta. Duk rinar da Yaya ya taɓa gani a jikin ƙasa take.

Tsohon ya ce, "Akwai kwalta ga jikinai, ɗana."

"Jirgi abin ruwa ne," in ji Yaya. "Yaushe wuta ta taɓa cin abin ruwa?"

Wallahi haka ya ce, da bakinsa, a gaban mutum shida, kuma biyu daga cikin maƙwabtan har da gyaɗa kai.

Baba yana tsaye ya juya wa Yaya kafaɗa, yana kallon tsibirin. Ya matso kusa da ni ya yi ƙasa da murya. "Gaya wa wancan a bi maganar baƙon nan."

Na je na ce, "Yaya, Baba ya ce a ja shi ruwa."

"Baba ya ce, ko kai ka ce?" Ya ɗaga murya yadda Baba zai ji sarai. "In Baba ne, ai ga shi nan."

Ya san Baba ba zai juyo ba. Da wannan ya dogara, kuma abin da har gobe ba na yafe masa ke nan. Wauta halitta ce, ba a yi wa mutum faɗa a kanta. Amma ka ɗauki kunyar da ubanka yake ji maka ka toshe masa baki da ita, wannan rashin mutunci ne tsagwaronsa. Baba yana nan tsaye yana murza carbi.

Ni ma ba zan wanke kaina ba. Ina koya wa yara cewa kwalta da kalanzir daga rijiya ɗaya suke fitowa. Na san abin da zai faru kamar yadda na san sunana. Da na zauna a ƙasa na ce ba inda za ni, da an zage ni an ce ba na ganin girman na gaba, da kuma jirgin yana nan. Amma na tashi sumui-sumui na tafi gida na ɗauko galan. Tir da ni a ranar.

Aka ɗaga gefen jirgin da doguwar gora aka tokare da kututture. Yaya ya naɗe kansa da rawani, ya jiƙa tsumma ya ɗaura a sanda. Bai tsaya nan ba, ya watsa sauran kalanzir ɗin ƙarƙashi, wai don ta ji a jikinta. Zanar da ciyawar kuwa rabi kawai muka janye kafin rina ta kore mu, saura na nan a kai. Ya ƙyasta ashana ya miƙa sandar.

Fuu! Kafin ya ja da baya wuta ta fito ta ɗaya gefen. Kwalta ta narke tana ɗiga tana ci, tana bin layin katako ɗaya bayan ɗaya. Ciyawa ta kama. Ga ruwa nan taku ashirin, ruwan da ya cinye ƙasa guda, amma babu bokiti, babu ko ƙwarya, don kalanzir da ashana kawai aka ce in kawo. Muka riƙa ɗiba da hula da tafin hannu. Duk wanda ya matsa kusa rina ta mayar da shi, don yawancinta ta fice tun tashin hayaƙin farko. Tsohon masuncin ne ya rugo da kwanon da yake kwarfe ruwan jirginsa da shi, shi kaɗai ya yi abin kirki, amma ina! Kafin rana ta take tsaka babu abin da ya rage sai gawayi da ƙusoshi. Rinar kuwa ta koma reshen ɗorawa, bayan mako guda ta sake sabon gida.

Ka san abin da Yaya ya ce? Ya zagaya tokar yana riƙe da ƙugu, ya taɓa wani guntu da ƙafa. "Dama katakon banza aka yi masa da shi. A birni ba irin wannan ake sawa ba."

Baba ya matso wajen tokar. Ya sunkuya ya tsinci ƙusoshi uku huɗu, ya duba su, ya zubar, ya kama hanyar gida.

Washegari da sassafe tsohon da aka ce ya koma wajen kifinsa ya yi sallama a ƙofar gidanmu. Ya ce a zo a yi amfani da nasa jirgin. Ɗan ƙaramin abu ne na kamun kifi, dami uku yake ɗauka da mutum biyu, in an ƙara sai ya fara shan ruwa. Ni da shi muka yi ta kai da kawowa kwana biyu, tun fitowar rana har faɗuwarta. Yaya yana kwance, wai dafin rina ya hau masa kai. A rana ta uku muka tarar ruwa ya shiga ƙarƙashin jerin damman, na ƙasa sun jiƙe, na sama sun zame suna yawo a kan ruwa. Wanda muka tsamo a jiƙe, kafin ya bushe ya yi tsiro. Abin da ya shiga rumbu bai kai kashi ɗaya cikin uku ba.

Geron ya kai mu tsakiyar rani. Wata safiya Inna ta leƙa rumbu ta fito ta sami Baba, suka yi magana ƙasa-ƙasa. Ranar kasuwar Rogo ya ce in ɗauko keke in raka shi. Karaye ta fi mana kusa nesa ba kusa ba, amma a Karaye kowa ya san shi. Sai a hanya ya gaya mini, yana bayana a kan keke, cewa tun da ya yi wayo bai taɓa tsayawa gaban mai awo don sayen hatsin da zai ci ba, haka ma ubansa.

Muka wuce 'yan hatsi na bakin hanya, muka je can ƙarshen layi. Baba ya ciro buhu daga cikin babbar riga, a ninke ƙanƙane. Mai awon dattijo ne. Ya dubi hannayen Baba, ya dubi buhun, ya gane komai. Ya ce, "Iri ne ko, Alhaji?"

Wa yake sayen rabin buhu na iri a tsakiyar rani? Rufa masa asiri kawai yake so ya yi.

Baba ya ce, "Iri ne."

Shekarata talatin da biyu a lokacin, ban taɓa jin ƙarya daga bakinsa ba sai ranar. Da muka ɗaure buhun a keke ya ce in yi gaba, shi zai taho a ƙafa.

Da magariba aka kawo mana tuwo zaure, ni da Yaya. Ɗakin Baba na jikin zauren, zana ce kawai tsakani. Yaya ya kai loma biyu, ya tauna, ya tsaya, ya tofar a gefe. Ya ɗaga murya ya ce, "Wai wa ya sayo geron nan ne? Duk tsakuwa! Mutum in bai iya awo ba ai sai ya tambayi waɗanda suka sani."

Ya ci gaba da ci, har ya suɗe kwanon. Can sai ga Inna ta fito daga ɗakin Baba da nasa kwanon a hannu. Ta wuce ta gabanmu, na ga tuwon yana nan yadda aka kai shi, ko miyar ba a taɓa ba.