Ƙafar Baba a Zaman Tahiya

Baba fataucin tumaki yake yi, daga Zurmi zuwa kasuwar Shinkafi. Wata rana ya diro daga bayan mota ya taka dutse, ƙafarsa ta hagu ta gurɗe. Mai ɗori ya latsa, ya ce ƙashi lafiya lau, targaɗe ne. Ya ja, ya shafa man shanu, ya ɗaure. Kumburi ya saɓe, kowa ya manta. Amma ƙafar ba ta koma daidai ba. Ko kunyar gero ya taka a karkace sai ta juya, ya yini yana ɗingishi.

Ni lokacin ina makaranta a birni. Na dawo da littattafai uku da gemu ɗan tsirit, ina jin duk Zurmi ba wanda ya iya salla sai ni. Kai, na yi rawar kai!

A masallacin ƙofar gidanmu na lura Baba ba ya zama a kan ƙafar hagu wajen tahiya. Miƙe ta yake yi gefe. Ban tambaye shi dalili ba, kuma ban jira mun shiga gida ba. Ana sallame la'asar, dattawan unguwa na zaune, na ce, "Baba, wannan zaman naku ba haka ya zo ba." Har da durƙusawa na nuna masa yadda ake yi. Wani tsoho ya yi gyaran murya. Baba ya dube ni, ya ce, "To, Malam." Wallahi daɗi na ji da ya kira ni Malam.

Daga ranar ya riƙa lanƙwasa ƙafar yana zama a kanta. Ina gani ina murna, wai na gyara sallar mahaifina.

Bayan shekara guda da wani abu ya faɗi a bakin rijiya, ƙafar ta sake juyawa. Na ɗauke shi a babur zuwa asibiti a Kaura Namoda. An yi hoto, babu karaya. Likitan ya zaunar da shi a bakin gado, ya riƙe ƙwaurin da hannu ɗaya, ya kama diddigen da ɗayan, ya jawo gaba, ya gwada ƙafafun duka biyu. Ta dama ba ta motsa ba. Ta hagu kuwa sai ta taho, sakwaf, kamar ƙotar da ta saki fartanya. Ya danna ƙasan idon sawu, Baba ya cije leɓe.

Likitan ya ce jijiyar da ke riƙe gaɓar ce ta yage tun faɗuwar farko, ta warke a sake. Sannan ya tambaya, "Baba, da wannan ƙafar yaya kuke zaman salla? Ai lanƙwasa ta ciki shi ne abin da ba ta so."

Baba ya ce, "Da can miƙe ta nike yi. Yaron ga ya yi karatu, shi ya gwada mini daidai."

Ba da gatse ya faɗa ba, da alfahari ya faɗa. Likitan ya ɗago ya kalle ni. Kunya ta rufe ni, na rasa inda zan sa idona. Sau biyar kullum, fiye da shekara, mutumin nan yana zama a kan ciwo saboda bakina.

An ba shi abin ɗaure ƙafa, an koya masa motsa ta, aka ce ya miƙe ta a salla. A hanya na roƙe shi gafara. Ya ce ba komai, in kula da ramuka.

Sai dai har yau, in ina cikin sahu, sai Baba ya saci kallona ya lanƙwasa ƙafar. Na yi magana, na sake yi, ya ce to, gobe ya maimaita. Shi ya sa na koma masallacin bakin kasuwa. Mutanen unguwa suna cewa aƙida ce ta raba ni da masallacin ubana, ban taɓa musa musu ba. Ƙanena ya ce in ba na nan, Baba yana miƙe ƙafarsa.